Arbella Stuart: Wadda Jinin Sarauta Ya Zame Wa Ƙaya

An haifi Arbella Stuart a Ingila a shekarar 1575. Mahaifinta, Charles Stuart, ƙanin Lord Darnley ne, mahaifin Sarki James na Shida na Scotland. Kakar mahaifin nata kuwa, Margaret Tudor, 'yar Sarki Henry na Bakwai ce. Ta wannan tsatso ne Arbella ta shiga sahun masu iya gadon Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ba ta yi aure ba balle ta haihu.

Ta tashi marainiya. Mahaifinta ya rasu a 1576, mahaifiyarta ta bi shi a 1582, sai riƙonta ya koma hannun kakarta ta wajen uwa, Bess ta Hardwick, ɗaya daga cikin attajiran matan Ingila. Kakar ta ba ta ilimi irin na 'ya'yan sarakuna, amma ta tsare ta a gida tamkar fursuna.

Abin da ya ƙarfafa hujjar magoya bayanta shi ne a Ingila aka haife ta, alhali James haifaffen Scotland ne, wasu kuma na ganin baƙo ba ya gadon sarautar ƙasar. Elizabeth ta ƙi bayyana magajinta, ta kuma ƙi aurar da Arbella, domin duk wanda ya aure ta ya sami hanyar neman mulki.

Da Elizabeth ta rasu a watan Maris na 1603, James ya hau karaga lami lafiya. A shekarar aka bankaɗo wata maƙarƙashiya ta tuɓe shi a naɗa Arbella, wadda aka tuhumi Lord Cobham da Sir Walter Raleigh a kanta. Arbella da kanta ta miƙa wa sarki wasiƙar da aka aiko mata, saboda haka ta tsira, ta ci gaba da zama a fada.

Aure ne ya kai ta ga halaka. A watan Yuni na 1610, tana da kimanin shekara 35, ta auri William Seymour a asirce a Greenwich ba da izinin sarki ba. Shi ma Seymour jinin Henry na Bakwai ne ta wajen ƙaramar 'yarsa Mary, don haka duk ɗan da suka haifa zai haɗa hujjoji biyu na neman sarauta. James ya sa aka kulle angon a Hasumiyar Landan, ita kuma aka yi mata ɗaurin talala.

A watan Yuni na 1611 suka shirya gudu. Arbella ta yi shigar maza ta kai ga wani jirgin ruwa na Faransa. Seymour ma ya sulale daga kurkuku, sai dai sun yi saɓani. Shi ya tsallake zuwa Ostend, ita kuwa jiran da ta yi masa ya sa jirgin sarki ya cim mata dab da Calais.

Aka kai ta Hasumiyar Landan, ba ta sake ganin mijinta ba. Daga ƙarshe ta daina cin abinci, ta rasu ranar 25 ga Satumba, 1615. An binne ta a cocin Westminster, a kushewa ɗaya da Sarauniya Mary ta Scotland. Seymour ya dawo gida bayan rasuwarta, ya sake aure, ya kuma rayu har 1660, shekarar da aka mayar masa da sarautar gidansu ta Somerset.