Tsohon Dutsen Gilashi da Idon Ɗan Koli: Nazari Daga Sabo ta Ibadan

An kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, kuma binciken da Abner Cohen ya wallafa a 1969 ya nuna cewa cinikin goro da shanu a can ya tsayu ne a kan maigida da dillali da amana. Da irin wannan tsari fataken Hausawa suka riƙe wani ciniki da ba a cika rubutu a kansa ba: tsofaffin duwatsun wuya na gilashi, waɗanda suka bi ƙauyuka suna saye, har kayan suka cika kasuwannin Amurka da Turai tun daga ƙarshen shekarun 1960.

Ta yaya ɗan koli ke gane tsoho? Rami yake fara dubawa. Dutsen da ya shekara ɗari a wuya, zare ya cinye bakin raminsa, ya yi sumul, wani lokaci ya karkace gefe guda. Sabon kwaikwayo na Indiya kuwa sau da yawa akan tarar da farar hoda a cikin ramin. Sai ya ɗaga shi ga hasken rana. In ƙananan kumfa sun miƙe tare da ramin, jan gilashin aka yi kamar alewa aka yayyanka. In sun kewaye shi, naɗa shi aka yi a kan ƙarfe. Layin haɗi a tsakiya alamar zubi ne, galibi aikin Jablonec a Bohemiya. Mai zanen tauraro na Murano, kusa da Benis, ana ƙirga hawansa, kuma na farko-farko, wajen shekarar 1500, hawa 7 gare su.

Wannan ilimi ne na gaske, amma yana da iyaka. Ido kan faɗi yadda aka ƙera dutse, ba ya faɗin inda aka narka gilashin. An daɗe ana ɗauka duk gilashin Afirka ta Yamma daga ƙetare ya zo. Haƙan da Abidemi Babalola ya yi a Igbo Olokun, a Ile-Ife, ƙasa da kilomita 100 daga Sabo, ya fito da duwatsu kusan 13,000 da fasassun tukwanen narki na ƙarni na 11 zuwa na 15. Gwajin sinadari ne ya tabbatar da cewa a nan gida aka haɗa gilashin. Su ma Masaga na Bida, da mundayensu suka yi suna a ƙasar Hausa, sun san haɗa baƙin gilashinsu tun kafin su koma narka kwalabe.

Matsalar a nan take: dutsen da ya fi daraja shi ne wanda aka tono, kuma da zarar ya bar ƙasarsa ba tare da an rubuta zurfinsa da abin da ke kusa da shi ba, tarihinsa ya salwanta, ko da kuɗinsa ya ninka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba wakilinta ba, ta kuma hana fitar da su ba izini. Mai tara duwatsu ya sayi na gado da aka ciro daga akwatin kaka, ya rubuta garin da aka samo shi. Wanda aka ce masa "daga ƙasa ya fito", ya kai rahotonsa gidan tarihi na Ibadan.