Tarihin Haɗin Gwiwar Kamfanonin Lantarki na Garuruwa a Amurka

A Amurka akwai garuruwa kusan 2,000 da ke da kamfanin lantarki mallakin al'umma, kuma mafi yawansu ƙanana ne. Da dama daga cikinsu sun fara ne da injinsu na kansu, amma da buƙata ta ƙaru sai suka koma sarin wuta daga manyan kamfanonin 'yan kasuwa da ke kewaye da su. A nan gizo ke saƙar, domin mai sayar musu da wutar shi ne mai wayoyin da ke kawo ta, kuma sau da yawa shi ne ke kwaɗayin saye kamfanin garin baki ɗaya.

A 1973 Kotun Ƙolin ƙasar ta samu kamfanin Otter Tail Power da laifin kane-kane, saboda ya hana garuruwa amfani da wayoyinsa su jawo wuta daga wani wuri. A shekarar ce kuma takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabi. Dama garuruwa sun soma haɗa kai, sai abin ya kankama. An kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa irin su AMP a Ohio a 1971, MEAG a Jojiya a 1975, sai FMPA a Florida a 1978.

Irin wannan ƙungiya takan ci bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni, ta gina tashar wuta ko ta sayi kaso a wata. Kowane gari kuma yakan sa hannu a yarjejeniyar shekaru masu yawa cewa zai biya rabonsa, ko tashar ta ba da wuta ko ba ta bayar ba. Wannan sharaɗi ne ke kwantar wa masu ba da bashi hankali, amma nauyi ne babba a wuyan ƙaramin gari.

Abin da ya faru a jihar Washington ya isa shaida. Ƙungiyar WPPSS, wadda aka kafa a 1957, ta ɗauko aikin tashoshin nukiliya biyar lokaci guda, aikin da ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Kuɗin gini ya yi ta hauhawa, buƙatar wutar da aka yi hasashe kuwa ba ta zo ba. A 1982 aka soke tashoshi biyu da kamfanoni 88 suka tsaya wa. A 1983 kotun ƙolin jihar ta ce kamfanonin jihar ba su da hurumin ƙulla irin wannan yarjejeniya tun farko, sai ƙungiyar ta kasa biyan bashin dala biliyan 2.25, masu takardun lamuni suka kwana ciki. Tasha ɗaya tak aka kammala, kuma a 1998 ƙungiyar ta koma Energy Northwest.

Duk da haka garuruwa ba su fasa ba, don wanda ya ware zai koma hannun mai wayoyi ne. MEAG, mai garuruwa 49, tana da kashi 22.7 cikin ɗari na tashar nukiliya ta Vogtle, wadda sababbin rukunanta biyu suka fara aiki a 2023 da 2024 bayan jinkirin shekaru bakwai, da kuɗin da ya haura dala biliyan 30.