Gurbin da Ke Cikin Umarni: Nazari a kan Sa Na'ura Rubutu

Tun ranar 30 ga Nuwamba, 2022, da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, wata sabuwar sana'a ta ɓullo: koya wa mutane yadda za su tsara umarnin da suke ba manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Wasu har jerin jumloli suke sayarwa, wai duk wanda ya kwafa ya liƙa zai samu rubutu tsaf. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kaɗan ne. Wanda ya gane yadda manhajar ke aiki ba ya buƙatar haddace jumlar kowa.

Irin waɗannan manhajoji, waɗanda aka gina a kan tsarin da masu bincike na Google suka wallafa a 2017, ba su da rumbun amsoshi da suke ɗaukowa. An horar da su ne a kan ɗimbin rubutu domin su yi hasashen guntun kalmar da ya fi dacewa ya biyo baya, su ɗora shi, su sake hasashe, har rubutu ya cika. Daga baya aka ƙara musu horo da hannun mutane don su riƙa bin umarni. Saboda haka duk gurbin da mai umarni ya bari, manhajar za ta cike shi da abin da ya fi yawa a rubutun da ta gani. Abin da ya fi yawa kuwa shi ne wanda kowa ya riga ya faɗa. Wannan ne dalilin da ya sa gajeren umarni ke haifar da rubutu lami.

Manhajar ta yi kama da mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya. Hannunsa ya faɗa da rubutu, amma bai san abin da ya haɗa ka da wanda za ka aika wa ba. In ka ce ya rubuta wa ƙaninka ka yi shiru, gaisuwa za ka samu da fatan alheri.

A ɗauki misalin jami'in lafiya da ke son sanarwa. In ya rubuta, “Yi mini sanarwa a kan rigakafin ƙyanda,” zai samu sakin layi huɗu ko biyar masu bayanin mene ne ƙyanda, da kira ga al'umma su ba da haɗin kai. In kuwa ya ce sanarwar a rediyo za a karanta ta cikin daƙiƙa 40, masu sauraro iyaye mata ne a karkara, da yawansu suna tsoron zazzaɓin da kan biyo bayan allura, kuma abin da ake so shi ne su kawo yara ranar da ya ambata, to rubutun zai canza gaba ɗaya. Jumlolin za su gajarta, maganar zazzaɓi za ta shigo da wuri, ranar za ta maimaitu. Babu wata kalmar siddabaru a umarni na biyun. Halin da ake ciki kawai aka bayyana, da dalilin kowane sharaɗi. Faɗin dalili ya fi kafa doka tsirara amfani, domin manhajar da aka gaya wa cewa kunne ne zai karɓi saƙon za ta guje wa jadawali da dogayen alƙaluma ko ba a hana ta ba.

Bincike ya nuna ƙarfin misali tun da wuri. Takardar da ta gabatar da manhajar GPT-3 a 2020 ta nuna cewa in aka sa misalai kaɗan na aikin da ake so a cikin umarni, manhajar na iya kama hanya ba tare da sabon horo ba. Sai dai misali yana da kaifi biyu. In ka ba da guda ɗaya tak, za ta kwaikwayi tsawonsa, da yadda ya buɗe, har da kurakuransa. Misalai uku da suka sha bamban sun fi.

Wasu dabarun kuma zamani ya fara wuce su. A 2022 Takeshi Kojima da abokan aikinsa sun gano cewa ƙara jumla ɗaya mai cewa a yi tunani mataki-mataki ta ɗaga nasarar wata manhaja a wani gwajin lissafi daga kashi 17.7 zuwa 78.7 cikin ɗari. Labarin ya bazu, kowa ya ɗauka laya ce. Da manhajoji irin o1 suka fito a 2024, masu yin wannan tunani da kansu kafin su amsa, jumlar ta rage tasiri. Haka ma binciken Nelson Liu da abokansa na 2023, wanda ya nuna manhajoji sun fi riƙe abin da ke farko da ƙarshen dogon rubutu fiye da na tsakiya. Yana da amfani a sani, amma halin manhajojin wancan lokaci ya auna.

Iyakar umarni ita ce ba ya ƙara wa manhaja sanin abin da ba ta sani ba. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 bayan sun gabatar da shari'o'i shida da ChatGPT ta ƙirƙiro, a ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jiragen Avianca. Ɗaya daga cikin lauyoyin ma ya tambayi manhajar ko shari'o'in na gaske ne, ta ce eh. A ganina darasin da ya shafi umarni a nan a fili yake: hujja a kawo ta daga waje a saka a ciki, a ce wa manhajar ta tsaya a kanta, in ba ta ga amsa ba ta faɗa. Wannan yana rage ƙirƙire, ba ya kawar da shi, don haka sai an duba.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin aiki. Kusan kashi 93 cikin ɗari na kalmomin da aka horar da GPT-3 da su na Ingilishi ne, kuma rabon Hausa a irin wannan tari ƙanƙani ne. Shi ya sa Hausar da ke fitowa kan zo da ƙashin Turanci a ciki, wani lokaci ɗ da ƙ da ɓ su ɓace, ko jinsin suna ya rikice a tsakiyar jumla. Cewa “rubuta da Hausa mai kyau” ba ya magance wannan. Abin da ke taimakawa shi ne a liƙa sakin layi biyu ko uku na Hausar da ake so, a faɗi ko daidaitacciyar Hausa ce ko karin Sakkwato ko na Damagaram, a jero kalmomin fannin da masu karatu suka saba da su, sannan in rubutun ya fito a nuna wa manhajar jumlar da ta karkace da yadda Bahaushe zai faɗe ta, a ce ta bi sauran da wannan ma'auni.