Rajistar Tsofaffi a Faransa: Tanadin da Zafin 2003 Ya Haifar

A watan Agustan 2003, matsanancin zafi ya yi ajalin mutane kusan 15,000 a Faransa, akasarinsu tsofaffi. Da yawa sun rasu su kaɗai a ɗakunansu. Jikin tsoho ba ya saurin fitar da gumi, kuma bai cika jin ƙishirwa da wuri ba, don haka zafi kan kayar da shi ba tare da an ankara ba.

Dokar 30 ga Yunin 2004 ta wajabta wa kowane magajin gari buɗe rajistar tsofaffi da masu naƙasa da ke zaune a gidajensu. Da zarar an yi gargaɗin tsananin zafi, abin da sauyin yanayi ke ƙara yawaitawa, ma'aikatan jin daɗin jama'a kan buga musu waya, wani lokaci su je har gida. Gidajen kula da tsofaffi kuma dole su tanadi aƙalla ɗaki guda mai sanyi.

Sai dai shiga rajistar ba tilas ba ne: tsoho ke nema, ko wani ya nema masa. Wanda ba shi da kowa, sau da yawa sunansa ba ya isa ofishin magajin gari.