Asalin Makarantar Katolika da Abin da Take Nema ga Yaro

Yau za mu waiwayi tarihi, mu ga inda makarantar mishan ta samo tushe.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yanzu, wanda ya rasu a 430, ya koyar cewa duk gaskiyar da mutum ya tsinta, ta Allah ce. Saboda haka ekklisiya ba ta watsar da ilimin Girkawa da Romawa ba. Ta riƙe fannoni bakwai. Uku na farko su ne nahawu, domin yaro ya gane magana. Mandiƙi, domin ya rarrabe gaskiya da ƙarya. Da balaga, domin ya faɗi gaskiya yadda za ta shiga zuciya. Sauran huɗun kuwa lissafi ne, da awo, da kiɗa, da ilimin taurari.

A 789 Sarki Sharlaman ya umarta a buɗe makarantu inda yara za su koyi Zabura, waƙa, lissafi da nahawu. A 1599 'yan ƙungiyar Jesuit suka tsara darussa aji bayan aji. Manufar ba ta sake ba: a gina hankali da hali tare, yaro ya san Mahaliccinsa, ya amfani jama'arsa.

A ƙasarmu, fada uku na ƙungiyar SMA sun iso Shendam a 1907. Daga baya aka buɗe makarantu irin su St. John's ta Kaduna, wadda gwamnati ta karɓe a shekarun 1970, ta koma Kwalejin Rimi. Keffi kuwa tana ƙarƙashin Diyosis na Lafiya, da aka kafa a 2000.

To, ina naka rabo, kai uba, ke uwa? A 1965 babban taron Vatikan na Biyu ya tabbatar cewa iyaye su ne malaman farko. Maimaitawar Shari'a sura 6 ma haka ta nuna. Nahawun farko a bakin uwa yake, ko da Eggon, ko Mada, ko Gwandara, ko Gbagyi. Yaron da ya rasa harshen gida ya rasa tsanin farko. Ku ba shi labari, ku bar shi ya yi tambaya, ku sa shi ya maimaita da bakinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.