Dajin Zango, Jiya da Yau

Jama'a, kakanninmu fatake ba don banza suka ya da zango a ƙasar Katab ba. Ayari na neman ruwa, da ciyawar jakuna, da inuwa, kuma duk sun same su a nan. Da jirgin ƙasa ya iso Kafanchan a wajejen 1927, sai fataucin jakuna ya ja baya, amma daji bai daina ciyar da mu ba. Muna yara mukan fita tsintar kaɗanya da ɗorawa, mu ta da zabi da gada, maharban Katab kuwa su kawo nama kasuwa.

To, yau fa? Gatarin masu gawayi ya ci manyan itatuwa. Ga kuma baƙuwar ciyawar nan da ake kira Awolowo. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, ta shigo Nijeriya ta Inugu a 1937 cikin irin itacen malaina. Ba ta son inuwa, sai inda aka sare daji ko aka bar gona saura. In ta kafu, ciyawar kiwo ba ta tashi.

Saboda haka mu tumɓuke ta tun kafin ta yi fure, mu bar ɗorawa da kaɗanya a tsaye. Allah Ya taimake mu, amin.