Sautuka 128: Jerin da Ya Zaɓa wa Duniya Kayan Kiɗanta Masu Araha

A 1979, lokacin da wani kamfani a Ostireliya ya fito da na'urar Fairlight CMI, wadda ke naɗar sautin kayan kiɗa ta maido da shi a kan madannan fiyano, kuɗinta ya kai dubban daloli masu yawa, sai manyan mawaƙa irin su Peter Gabriel da Stevie Wonder ke iya mallakarta. A yau matashi mai tsohuwar kwamfuta yana sauke manhajar da ta fi ta iya aiki ba tare da ya biya ko kwabo ba. Tsakanin waɗannan lokuta biyu akwai wani jeri da aka tsara a 1991, wanda ya yanke hukunci a kan sautukan da za a ɗauka a matsayin na yau da kullum.

Tushen abin shi ne MIDI, wata yarjejeniya da ta fito a 1983 bisa ƙoƙarin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan. MIDI ba ya ɗaukar sauti. Umarni kawai yake aikawa: danna wannan madanni, da ƙarfi kaza, na tsawon kaza. Matsalar ita ce kowane kamfani da irin tsarin lambobinsa. Waƙar da aka shirya da sautin fiyano a wannan na'ura, idan aka kai ta waccan sai ta fito da ƙaho.

Don magance haka ne masu ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka amince da General MIDI a 1991. Sautuka 128 aka jera, kowanne da lambarsa da ba ta sauyawa. Na ɗaya babban fiyano ne, sannan ogan, jita, bas, dangin goge na Turawa, ƙahonni da sarewa, ganguna kuma aka keɓe musu tasha ta goma. Ƙarshen jerin ya ɗan ba da dariya: kukan tsuntsu, ƙarar tarho, jirgi mai saukar ungulu, tafi, da harbin bindiga a lamba ta 128. Sauran kayan kiɗan al'ummun duniya kuwa gurbi takwas suka samu a rukuninsu, daga 105 zuwa 112, inda aka cusa sitar da shanai na Indiya, koto da shamisen na Japan, banjo, da kalimba. Babu kalangu, babu kakaki, babu garaya.

Roland ya fitar da akwatin SC-55 a wannan shekarar bisa sabon tsarin. Bayan 'yan shekaru Microsoft ya sayi izinin amfani da sautukan Roland, ya matse su a cikin fayil da bai kai megabait huɗu ba, ya sa shi cikin Windows. Ta haka miliyoyin mutane suka mallaki ƙungiyar makaɗa ba tare da sun sani ba, ko da yake sautin siriri ne, kamar an ji shi ta bayan bango. A 1994 kuma katin sauti na Sound Blaster AWE32 ya zo da tsarin SoundFont, wanda ya ba kowa damar naɗar sautinsa ya raba wa wasu.

Babban sauyi ya fito daga birnin Hamburg. Kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro VST a 1996, hanyar jona ƙananan manhajoji a jikin babbar manhajar haɗa kiɗa, kuma a 1999 ya faɗaɗa ta har ta karɓi kayan kiɗa cikakku, inda ya fara da wani ɗan ƙarami mai suna Neon. Abin da ya fi muhimmanci shi ne Steinberg bai kulle ƙofa ba: ya bar kayan aikin a buɗe ga duk mai iya rubuta manhaja. A 2002 wani ɗan Japan, Ichiro Toda, ya saki Synth1 kyauta, yana kwaikwayon Nord Lead 2 mai tsada. FruityLoops daga Beljiyam, wadda ta koma FL Studio a 2003, ta zama ɗaya daga cikin ɗakunan da aka fi jona irin waɗannan. Daga baya Spitfire Audio na Landan ya riƙa raba LABS kyauta, Vital kuma ya fito a 2020.

Sai dai araha ta bi sawun jerin farko. Fiyano da bas da ganguna irin na Turawa an naɗe su sau dubu, gasa ta karya farashinsu har ƙasa. Abin da bai shiga jerin ba ya ci gaba da wuyar samu, domin naɗar kayan kiɗa da kyau na buƙatar makaɗi, ɗaki mai shiru, da kwanaki ana maimaita kowane bugu.

Wannan ya bayyana sarai a Kano. Tun shekarun 1990 waƙoƙin finafinan Hausa suka ginu a kan fiyanon Yamaha samfurin PSR, daga baya aikin ya koma kwamfuta. Mai kiɗan da ke neman algaita sai ya laluba ya ɗauko shanai, domin dukkansu busa ce mai kaifin murya, kunne kuwa ya riga ya saba da ita daga finafinan Indiya. Kalangu ya fi ba da wahala. Maganarsa tana cikin matsa igiyoyinsa a hammata da sassauta su, yadda sautin ke hawa da sauka kamar harshen Hausa, kuma bugu ɗaya da aka naɗa aka ɗora a madanni ba ya kama wannan. Shi ya sa mai situdiyon da ke son kalangun ya yi magana kan aika a kira makaɗi, ya kafa masa makirufo, alhali fiyano da bas da sauran gangunan waƙar duk daga cikin kwamfutar suka fito.